Ummi, Wani Littafin Japan Ya Sa Sun Sake Ɗauko Zancenki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ummi.

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan rahama a makwancinki, 'yarki Balkisu ce. Na san wasiƙa ba ta shiga maƙabartar Baƙi'a. Amma tunda a gaban jama'a aka taɓa ki, a gaban jama'a zan ba ki labari. Mai leƙe ya leƙa.

Kin tuna majalisar karatun da muke yi a unguwar Ƙurban, nan Madina, wadda kike cewa shayi ne ya tara mu ba littafi ba? Wannan watan jikarki Rim ce ta zo da littafi, labarin da wani ɗan Japan ya rubuta aka mayar da shi Larabci. Na ce mata me ya haɗa ni da Japan. Ta tura mini shi ta ce in karanta kawai, bas.

Labarin wata mata ne da mijinta. Ba ya dukanta, ba ya zaginta, bai rage ta da ci da sha ba. Kawai dai ba ya ganinta. Ya dawo aiki, ya ci, ya kwanta. Shekaru suna tafiya a haka, sai wata safiya ta haɗa 'yar jakarta ta hau jirgin ƙasa. Ummi, ban kai rabinsa ba na rufe shi na shiga kicin na yi kuka.

Da muka haɗu kowa ta kawo nata. Wata ta ce matar ba ta da godiyar Allah. Wata ta ce rashin imani ne, can ba su san haƙuri ba. Yaran suka buɗe wayoyi suna karanto mana ra'ayin masu karatu na wasu ƙasashe, da yawa suna ƙorafin wai littafin ya gundure su, ba abin da ya faru a cikinsa.

Ba abin da ya faru. Abin da aka yi ta faɗa ke nan a kan gidanmu.

Sai Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, ta ajiye finjalinta ta ce, "Ai ba sai an je Japan ba. Mu ma mun ga wadda ta bar gidan da ba a taɓa nuna mata yatsa ba." Kowa ta san ke ake nufi.

Ni kuwa sai na ga gidanmu na cikin gonar dabino a Al-Awali, inda Baba yake kula da ma'aikata. Na gan ki kina yi wa rediyo magana, kina ba shi amsa, don shi kaɗai ke tanka miki.

Na ga ranar da kika dawo daga asibitin haihuwa hannu rabbana, babu jariri. Baba ya shigo, ya dube ki, ya tambaya ko an dafa abinci. Kika tashi kika ɗora tukunya. Ina 'yar yarinya, amma na gani.

Na ga safiyar da kika ɗauki keken ɗinkinki da hannuna muka koma ɗaki ɗaya a unguwar Al-Azizya. Mata suka daina gayyatar ki biki. Ba ki taɓa zagin Baba a gabana ba. Abin da kika ce mini kawai shi ne, "Balki, yunwa iri biyu ce, ɗaya ce kawai tuwo ke kashewa."

Don haka ban yi shiru ba. Na ce, "Gwaggo, sunanta Hajara, ki faɗe shi. Kuma da kin shigo gidan nan sau ɗaya kin tambaye ta ya take, da kin san abin da ya faru." Na ɗauki abayata na fito.

Tun ranar wayata ba ta huta ba. Dangi suna cewa na yi wa babba rashin kunya, in je in ba da haƙuri. Zan je, Ummi, don ba ki koya mini raina manya ba. Zan durƙusa in gaishe ta, in nemi afuwa kan ɗaga murya. Amma maganar, wallahi ko harafi ɗaya ba zan janye ba. Halas, magana ta ƙare.

Kada ki damu da Baba. Ya tsufa sosai, duk Juma'a ina kai masa abinci in yanke masa farce. Ban ce mugu ne ba, mutum ne da bai iya buɗe baki ba, kuma ba wanda ya taɓa ce masa wannan ma cutarwa ce. Abin da na ce shi ne ke ba butulu ba ce. Maganganun nan biyu suna iya zama ɗaki ɗaya, ko da ku biyu kun kasa.

Ina kewarki, Ummina. Na so a ce kina nan in karanta miki littafin da Hausa, kina ɗinki kina gyara mini.

Ya Allah ka jiƙan Hajara, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya makwancinta, ka sa ta cikin maƙwabtan Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba ta gidan da in ta yi sallama za a amsa.

Taki har mu iso,
Balkisu, daga Madina.