Ƙofa Mai Inci Ashirin da Takwas

Litinin

Zuwa ga Shugabar Gida, mai riƙe da makullin akwati,

Gaisuwa buhu-buhu daga babban birni, daga bakin Sarkin Kafintocin Duniya da Kewaye, zuwa gare ki da 'ya'yanki masu cinye min abinci, da maƙwabtan dama da na hagu, da mai shagon kan kwana, da duk wanda ya taɓa zama a kujerar da na ƙera bai faɗi ba. Har ɓarauniyar kyanwar nan ki ce ina gaishe ta. Ya tarin Auta, ya lafa? Ya ƙafarki? Mu dai mun sauka lafiya, ni da Yaya da matarsa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannun nan da guduma ya saba. Inda kika ga harafi ya kwanta ki tashe shi.

Garin nan ba abin da ya canza tun zuwana na farko, sai dai sun ƙara wa benaye tsawo don su ruɗa ni. Ban ɓata ba ko sau ɗaya. Sau biyun da na zagaya kasuwa, kallo na je.

To ga zancen. Ranar Asabar za a ba Dakta, 'yar Yaya, takardarta ta gama karatun likita. Ta ce bayan taro tana so mu fita cin abinci a wuri mai kyau, mu da malamarta da ƙawayenta biyu, mutum bakwai. Tana rufe baki Yaya ya juya fuska bango.

Kin san dalili. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye sau ɗaya ya yarda ya fita taro, ranar da ƙarti huɗu suka ɗaga shi da kekensa a matakala, ɗaya ya zame, hularsa ta faɗi, mata suna ta Allah sarki. Shekara biyu ke nan bai ƙara tsallake ƙofar gida ba. Wannan zuwan ma sai da yarinyar nan ta yi kuka a waya. Ɗakin taron makarantarsu da sauƙi, akwai gangare na masu keke. Gidan abincin ne matsala. Jiya ya kira ni, da harshen nan nasa mai nauyi, ya ce in dai aka sake ɗaukarsa kamar buhun gawayi a gaban mutane, to in kai shi tasha daga nan, kuma kada wanda ya ƙara yi masa zancen fita sai ranar da za a fitar da shi gaba ɗaya. Dakta kuwa ta ce in babanta bai shiga ba ita ma ba ta shiga, malamar ta ci ita kaɗai.

Ni kuwa na daki ƙirji. Na ce Yaya, ni ne fa! Zan nemo wurin da kekenka zai shige kamar durowa a cikin kabad, ba hannun da zai taɓa ka. Na rantse masa. Da ma na san ba banza na taho da tef ɗina na awo ba, wanda kike cewa in jefar tun da zarto ya gutsure masa baki na sake ɗaura masa ƙugiya. Shekara goma sha biyu yana min aiki, bai taɓa kunyata ni ba.

Na zaro shi zan auna faɗin keken, Yaya ya buge min hannu da hagunsa, wai bai mutu ba tukuna da za a zo ana auna shi. Mutumin da ya koya min riƙe tef! Sai Dakta ce ta dubo takardar da aka sayo keken da ita, ta ce faɗinsa inci ashirin da bakwai. Na rubuta a tafin hannu.

Gobe zan fara zagaye. Ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda farar rigata mai aljihu biyu, na manta ta a bayan ƙofa. Ki goge ta.

Naki har kullum,
Sarkin Kafintoci


Alhamis

Shugaba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Riga ta iso, amma maɓalli ɗaya bai biyo ta ba, ki tambayi 'ya'yanki.

Kwana biyu ina yawo, ƙafata ta yi kanta. Mutanen garin nan sun iya girki amma ba su san ƙofa ba.

Gidan abinci na fari da ƙawayen Dakta suka yaba yana can ƙolin wani bene, wai kana ci kana kallon gari kamar tsuntsu. Akwai lif, na ji daɗi. Amma kafin ka kai lif ɗin matakala uku ce. Wane mai hankali ne ya yi wannan? Na durƙusa ina auna su, sai ga maigadi a kaina yana tambaya wa ya aiko ni. Na ce babban injiniya ne ni. Ya kalli takalmina, ya raka ni har titi. Girmamawa ce, haka suke yi wa manya.

Na biyu ƙofarsa juyawa take kamar injin niƙa. Na shiga na fito inda na shiga. Na uku ƙofa wangameme, na ce alhamdulillahi, sai na leƙa ƙarƙashin tebur na ga sun buga masa katako a ciki, hannun keke ba zai shige ba. Yaya zai zauna nesa da faranti yana miƙo wuya, miya tana zuba a cinya. Kuma duk farin ƙyalle suka shimfiɗa, ɗigo ɗaya sai kowa ya gani. Na huɗu da na biyar ba sai na ɓata biro ba.

Sai jiya da la'asar Allah ya kai ni wani ɗan layi bayan titin bankuna. Wuri ne ba babba ba, a ƙasa yake daidai da hanya, ko tudun ɗan yatsa babu. Sunansa da wasu haruffa masu lanƙwasa aka rubuta, ko na kwafo miki ba zai karantu ba. Ƙofar katako ce, tsohuwa, mai nauyi, irin aikin da. Na buɗe ta iyakarta na auna daga firam, wato katakon gefen ƙofa, zuwa jikinta: ashirin da takwas cif. Na sake, ashirin da takwas. Inci guda ya yi rara. Saura kaɗan in rungume ta.

Mai wurin wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta tsaya tana kallona ina rarrafe ƙarƙashin teburanta, ta ce malam, ci za ka yi ko saye? Na faɗa mata gaskiya duka, abin da ban cika yi ba. Sai ta nuna min tebur na lungu. Ƙyallensa ruwan ƙasa ne mai duhu. In aka ajiye Yaya a can, hagun da yake ci da ita tana wajen bango, ba mai ganin cokali yana rawa. Na ɗanɗana kifinsu da shinkafa, don aiki ba don kwaɗayi ba. Naki ya fi, amma da kaɗan. Na kama mana wurin, ƙarfe biyu ranar Asabar.

Na dawo masauki ina ba da labari har da tsalle. Matar Yaya ta ce ƙanin miji, yau ka yi abin kai. Dakta ta riƙe hannuna. Shi kuwa sai da suka fita ya ce, ka auna? Na ce sau biyu. Ya ce in bai shige ba, tasha. Shi ke nan abin da ya faɗa.

Ke kaɗai zan gaya wa, kada ki karanta wa yara wannan layin: tsoro nake ji. Mutumin nan da in na buga ƙusa a karkace sai ya zage ni tun daga shago har gida, shekara biyu bai ce min ko sakarai ba. Kallona kawai yake kamar baƙo. Na fi son zagin. In na kunyata shi ranar Asabar, na san ɗakin nan zai koma ya rufe, kuma ni ne na ja masa ƙofar.

Amma ina! Ashirin da takwas ya fi ashirin da bakwai ko a makarantar wa aka je. Ki yi mana addu'a, ki kuma aiko da maɓallin.

Mijinki,
Sarkin Kafintoci


Lahadi

Shugaba,

Ina gaisuwa. Zauna tukuna kafin ki karanta, kuma ban yarda ki ce ai na faɗa maka ba.

Taro ya yi kyau. Da aka kira Dakta na yi ihun da sai da na gaba suka waiwayo. Yaya bai yi kuka ba, wai fanka ce ta sa masa ruwa a ido.

Ƙarfe biyu muka isa wurin, ni a gaba cikin farar riga ina tura keke, malamar Dakta da ƙawayenta a baya, cikin wurin cike da mutane. Na ce Yaya, riƙe hularka, jirgi zai shiga tasha. Na tura.

Ƙam! Ƙarfen taya ya daki firam a dama, ya daki ƙofa a hagu. Na ja baya na gyara na sake. Ƙam. Duk cokulan ciki suka tsaya. Na zaro tef, na auna ƙofa, ashirin da takwas. Na ɗora shi a kan keken, Yaya bai ma hana ni ba wannan karon. Ashirin da tara.

A nan na tuna. Inci biyun da zarto ya cinye. Tef ɗina daga biyu yake farawa. A shago ba ya damuna, don da shi nake auna rami, da shi nake auna katako, ƙaryar sai ta zo daidai. Amma keken da tef ɗin mutanen kirki aka auna shi. Ƙofar nan ashirin da shida ce.

Kafin in haɗiye yawu ma'aikata biyu sun fito suna naɗe hannun riga, ƙarti masu fara'a, suna cewa ba komai Baba, yanzu za mu ɗauke ka cak, a naɗe keken a shigo da shi. Ɗaya har ya sa hannu a hammatarsa. Wata mata daga ciki ta ce Allah sarki. Na ga wuyan Yaya ya sandare. Bai kalli kowa ba ya ce, tasha. Dakta tana tsaye da rigar taro a hannu, ta fara juya keken da kanta.

Ban san lokacin da na daka tsawa na ce kowa ya cire hannunsa ba. Na dubi ƙofar. Kaurinta ya kusa inci biyu, kuma ita ce ta tare gefe guda. Na ce wa dattijuwar, Uwa, ki ara min ƙofarki minti goma. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi Yaya, ta ce ba ta da sukudireba. Na ce wuƙar tebur ma ta isa.

Sukurori shida, duk fenti ya rufe su. Gumi yana shiga min ido, mutane sun taso suna kallo, wuƙa tana zamewa. Tsabar ruɗewa na kama hinjin sama, ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai, na fara kwancewa. Na cire ɗaya, na cire biyu, ƙofar ta fara sunkuyo min.

Sai na ji daga bayana: na ƙasa tukuna, sakarai!

Shugaba, wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na waiwaya, Yaya ya tankwaro gaba a keke, ido jajir. Ya ce in mayar da na sama ɗaya, so nake ta faɗo ta kashe wa mutane 'ya'ya? Ya ce wa ƙartin nan kai riƙe nan, kai riƙe can, suka riƙe kamar yaransa na shago. Ya ce a sa wani abu a ƙarƙashinta ta huta. Aka rasa me za a sa. Ya ce a cire takalmin ƙafarsa ta dama, da ma ba aikin da yake masa. Dakta ta durƙusa ta cire ta tura. Sukuru na ƙarshe ya ƙi, ya ce in kankare fentin ramin tukuna, shekara talatin yana koya wa jaki aiki. Malamar Dakta ta tuntsire da dariya, ta toshe baki.

Ƙofa ta fita. Aka jingine ta a bango. Dakta ta tura babanta a hankali, ya wuce da rarar da ba ta fi kaurin fensir ba, ƙafa ɗaya ba takalmi, ba hannun da ya taɓa shi. Mutanen ciki suka fara tafi, ya ɗaga musu hagu kamar shi ya gina wurin.

Ya ci kifi, ya zubar da miya a riga, ko a jikinsa. Hankalinsa yana kan firam. Ya ce wa malamar duk abin da 'yarsa ta iya a wajensa ta gada, ban da haƙuri, wannan na uwarta ne. Ya ce wa dattijuwar wanda ya rataya mata ƙofar nan a da ya san aiki, amma ramukan sukurorin ƙasa sun cinye, kuma wannan da ya kwance ta yau ɗan koyo ne. Ni ke nan. Mun maƙala mata ita ta wucin gadi kafin mu tafi, ya ce ranar Laraba za mu dawo a rataya ta yadda ya kamata, da hinjin da zai sa ta buɗe har bango, kuma shi zai tsaya a kan aikin. Matar Yaya ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur don kada in yi magana in ɓata.

Don haka ba za mu taho gobe ba. Ki je gidan Yaya yau ɗin nan, makulli yana wajen maƙwabciyarsu. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin kayan aikinsa da ya rufe shekara biyu. Ya ce a ɗauko masa babban sukudireba mai jan hannu, da tef ɗinsa rawaya. Ya ce a faɗa miki nasa, ba irin na wasu ba. Ki ba direba da sassafe, ki ja masa kunne kada ya zauna a kai.

Ki haɗo min da wata rigar, farar ta mutu.

Naki,
Sarkin Kafintoci, wanda aka sauke zuwa ɗan koyo