Jar Shinkafata

Da sunan Allah. Ni ce 'Yar'azumi ta Auyo. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, amma hankalina garau yake. Ni ke faɗa, Malam Zarami ke rubuta muku wasiyyata, ku 'ya'yana uku.

Na ɗaya. Fadama ku raba yadda shari'a ta ce. Roƙona kawai, ku bar wa jar shinkafa kwarin bakin kogi. In ruwa ya hau, ita ma hawa take. Farar nan da Turawan gona suka kawo, ambaliya ɗaya ta ishe ta, amma ga shi kowa rububinta yake.

Na biyu. Tukunyar irin jar shinkafa tana hannun 'yata Larai. Ko yunwa ta zo kada a daka shi. Ɗan'auta, kai nake nufi, na san cikinka.

Na uku, ƙanwata Mairam. Ku riƙa gaishe ta, amma ku sani da kishinta zan tafi. Ita aka ba riƙon yayanku, ɗan farina, wanda kunya ta hana ni kiran sunansa. Ta tafi da shi garin Malam Madori, ta koyo dafa-duka wurin matan ma'aikatan jirgin ƙasa, mutanen kudu, farar shinkafa warara da manja. Ranar da ya zo gida da gemunsa, na tuƙa tuwon jar shinkafa, miyar kuka da busasshen kifi, na ba Larai ta miƙa masa, tunda ni ba dama. Ina bayan zana na ji ya ce bai kai girkin Innarsa Mairam ba. Ni na haifa, wata ta samu bakin yabo. Har yau abin yana ci na.

Na huɗu. Ran sadakar uku, jar shinkafa za a tuƙa. Mairam ta zo, a shimfiɗa mata tabarma mai kyau, amma kada ta taɓa muciya. A zuba wa yayanku a akushina.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ku raba tukunya bayan raina. Kai kuma ɗan farina, tunda ba za mu haɗa ido ba ranar da za a karanta wannan, yau zan kira sunanka; Malam, rubuta shi da kyau: Ja'afaru. Ja'afaru ɗana, ci tuwon uwarka.