Ni Na Buɗe wa Saje Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris
Ni na buɗe ƙofar. A nan kaɗai zan iya faɗa. Saje, karen maigida, ya sake tsoma baki a bokitin wanke-wankena, raina ya ɓaci, na wangale ƙofar gida na ce ya je can ya ƙarata. Na ɗauka zai zaga layi ya dawo. Mai shagon bakin titi ya ce motar hukumar kula da dabbobi ta ɗauke shi da hantsi, don babu lamba a wuyansa. Ita ma lambar ni na cire ta watan jiya, wai ƙararta tana hana maigida barci. Ni take hanawa.

Talata, 4 ga Maris
Maigida bai ci abinci ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya kai loma baki sai ya fara jefa wa Saje ta farko da hannun hagu. Yau ya riƙe lomar yana kallon labule har ta huce. Na ce masa kare yana wurin likita. Shekara talatin da ɗaya da aure, yau a kan kare na yi masa ƙarya.

Laraba, 5 ga Maris
Na je ofishinsu. Benci ɗaya, fanka ba ta juyi, haushi ta bayan gini kamar ana sara itace. Akawun bai ko ɗago kai ba. "Kwana bakwai ne doka, Mama. Ki kawo lambar wuya ko katin rigakafi." Na ce in babu fa? "Allura ce, ba ya tashi." Wa'adin zai cika Litinin da azahar.

Koren katin nan na san inda ya tafi. Da shi na hura gawayi ranar da aka yi ruwan nan mai yawa.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ɗaga katifa, na juye gwangwanin maɓallai, har kwata na tona da kara. Babu lamba. Maigida cokali biyu ya sha, ya kawar da kai. Ina jin tsoro.

Juma'a, 7 ga Maris
Likitan da ya yi wa Saje rigakafi ya tashi, yanzu tayoyi ake sayarwa a shagon. Ba wanda ya san inda ya koma. Na kira babbar 'yata ina kuka, ta ce, "Haba Mama, kare ne fa. Ba ke ce kullum kike cewa Allah ya raba ki da shi ba?" Na kashe wayar. Gaskiyarta ce ta fi ba ni haushi.

Asabar, 8 ga Maris
Ofis a rufe. Na tsaya a bayan katangarsu ina sauraron haushi, ashe ko muryarsa ban sani ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na faɗa wa maigida duka, har da gawayin. Ya juya fuska bango. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kwana shida kacal. Can da na tashi zan fita, da karkataccen bakin nan nasa ya ce, "Saje ya san ki." Ina ma zagina ya yi.

Litinin, 10 ga Maris
Na roƙi akawun har na durƙusa, ya haɗa ni da shugabarsu, wata dattijuwa mai tabarau. Ta daɗe tana kallona. "To, ki kira shi mu gani. In ya amsa, a sake masa rigakafi a yi rajista da sunanki. In bai amsa ba, ba yadda zan yi."

Yana kwance a keji na ƙarshe, haƙarƙari a waje. Na lanƙwashe murya na ce, "Saje. Saje, zo mana." Ko kunne bai motsa ba. Ina zai amsa, shekara takwas bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Sau biyar na kira. Dattijuwar ta duba agogo.

Sai mai shara ya buɗe kejin zai wanke, ya ajiye bokiti, ɗan banzan ya miƙa baki ciki. Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito ba: "Kai, fitar min daga nan, ƙazami!" Zumbur ya miƙe, kunnuwa a kwance, ya rarrafo har gabana yana kaɗa wutsiya kamar za ta cire. Dattijuwar ta cire tabarau tana dariya. "Naki ne, Mama. Wannan zagin ba na yau ba ne."

Alhamis, 13 ga Maris
Maigida ya cinye kwano guda, har ya nemi ƙari. Doka ta ce ba a fita da kare sai da igiya a hannun mai shi, ga shi takarda ta ce ni ce mai shi, don haka ni nake zaga layi da shi da safe, mai shago yana ƙunshe dariya. Sabuwar lambar ta fi tsohuwar ƙara. Ban cire ba.

Ban ce ina son sa ba. Bokitin dai na bar masa, dama ya tsufa.