Sallolin da Ban Rama Ba

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya, zazzaɓin ma ya sake ni. A dai aiko mini da bargo.

Baba, masallacin Dimashƙa ya fi ƙarfin bakina. Limamai huɗu, kowa da mazhabarsa da sahunsa, amma alƙibla ɗaya. Wani tsoho ɗan Hanafiyya, Abu Ganim, ya ga na saki hannu a salla, ya ce, "Yaro, karaya ka yi ne?"

Shi ya yi jinyata kwana tara, shi ya riƙa jana salla, ga shi ka hana ni bin kowa sai ɗan Malikiyya. Ka yafe mini, Baba. Na tashi zan rama sallolin, zuciyata ta ƙi.

Ɗanka,
Maimun