Kalma Ɗaya a Kan Iƙamata Ta Ci Mini Digirin Dakta

Zuwa ga Mudir, shugaban asibitinmu da ke Bani Malik, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Sa'adatu Garba, nas ɗin da ke riƙe da ɗakin wankin gyambo na masu ciwon suga. Da Hausa na rubuto, don na san kana jin ta sarai tunda kakanninka daga Kano suka zo, ko da yake in za ka amsa sai ka juya Larabci. Na bar wasiƙar a buɗe domin 'yan'uwana ma'aikatan jinya su karanta, kuma na gaji da hawa benenka ana ba ni shayi in sauko hannu wofi.

Na farko. Lokacin da asibitinka ya ɗauko ni daga Katsina, bizar nas ta ƙare muku, sai aka shigo da ni da ta tafinta. A kan iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar nan, a gurbin sana'a da ake kira mihna, aka rubuta "mutarjima", wato tafinta. Ka ce mini sunan takarda ne kawai, a Jidda direba makiyayi ne a takarda, akawu kuma birkila. Ba ka yi ƙarya ba, na gani da idona. Ka ce za a gyara in an zo sabuntawa. An sha sabunta iƙamar nan, kalmar tana nan daram. Ni kuwa iyakar aikin tafinta da nake yi shi ne in tsohuwa ta kasa faɗa wa likita inda ke mata ciwo. Aikina allura ne da ƙarin ruwa da yanke ruɓaɓɓen nama, da lasisin da na zauna jarrabawarsa a ƙasar nan na ci.

Na biyu. A shekarar babbar ambaliyar Jidda wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ni karatun digirin dakta na aikin jinya, irin wanda ake yi daga nesa. Shigar ba wasa ba ce. Sun nemi digiri na biyu, da lasisi mai rai, da shaidar shekarun aiki, da jarrabawar Turanci, da wasiƙun manyana a wurin aiki. Ɗaya daga cikin wasiƙun nan kai ka sa mata hannu, a ciki ka kira ni nas, har ka ce ni abin alfaharin asibiti ce. Shekara biyu ina tashi daga aiki in zarce shagon intanet a unguwar Sharafiyya, ƙafafuna a kumbure, maigidana yana jirana a mota. Ban faɗi darasi ko ɗaya ba.

Na uku. Ba a wucewa zangon ƙarshe sai an cika awannin aiki a ƙarƙashin mai dubawa, sannan kwamiti ya amince da binciken ɗalibi. Nawa a kan tsofaffin matanmu ne na unguwar Madain Fahd, waɗanda suka zo Umra suka zauna. Suna naɗe ƙafa da tsumma a gida don tsoron a tambaye su takarda, sai ta yi wari a kinkimo su a yanke. Na tsara yadda za a riƙa duba su da wuri, na cika awannina. Sai kwamitin ya nemi shaidar cewa doka ta ba ni izinin aikin jinya a inda nake binciken. Na kai iƙamata ofishin fassara, bawan Allah ya fassara abin da ya gani. Jami'a ta amsa cikin ladabi cewa ba ta zargina da ƙarya, amma ba za ta lissafa awannin tafinta a matsayin na nas ba, sai asibiti ya daidaita takarduna kafin zangon ya ƙare. Ban ga laifinsu ba. A wurinsu abin da takardar mutum ta ce shi ne mutumin, ba su san halinmu na nan ba.

Na huɗu, kuma a nan ne zuciyata ta karye. Kai ne kafilina, a hannunka izinin zamana yake, ba mai taɓa mihnata sai da sa hannunka. Ka tura ni wurin mai bin takardun asibiti, shi kuma kullum bukra, wato sai gobe. Azumi ya zo aka ce sai bayan Salla, Hajji ya zo aka ce sai alhazai sun watse. Daga baya ne na ji dalilin a bakinsa: in aka mayar da ni nas a takarda, gurbin nas ɗaya ya tafi, kai kuwa kana ajiye shi don kawo sabuwa. Ranka ya daɗe, da ka faɗa mini haka ƙiri-ƙiri, da na roƙe ka ka sake ni in koma hannun wani kafilin tun da sauran lokaci. Murmushin da ka riƙa yi mini shi ya fi ƙin sa hannun ciwo.

Zango ya ƙare, an cire sunana. Sun ce ina iya sake nema daga tushe, amma darussan da na ci suna da wa'adi, ni kuma ina gab da hamsin, idanuna sun fara gajiya da karatu. Na san kaina, ba zan iya sake hawa wannan tudun ba. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuma har yau in na wuce shagon nan na Sharafiyya kau da kai nake yi.

Roƙona ba shi da yawa. Akwai nas biyu 'yan Nijar a ɗakin haihuwa da iƙamarsu ke cewa masu shara ne, ɗayarsu ta fara maganar ƙaro karatu. Ka gyara musu tun kafin su yi nisa. Ni kuma ka rubuta wa jami'ar gaskiyar abin da ya faru da sa hannunka, ba don su mayar da ni ba, sai don kada sunana ya zauna a wurinsu da alamar tambaya.

Saura guda. Jiya Iya Delu, ɗaya daga cikin tsofaffin da ƙafarsu ta tsira a binciken nan, ta zo wankin ƙafarta da turmin atamfa a leda. Ta ce su matan unguwa ne suka haɗa suka saya mini, in ɗinka in sa ranar da za a ba ni dakta. Na karɓa na yi godiya, ban faɗa mata an cire sunana ba. Ranar Asabar za ta dawo da hantsi. Ɗakin wanki yana ƙasan ofishinka, ina roƙon ka sauko ka faɗa mata da kanka.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci asibitin nan da masu kwanciya a cikinsa, Ya sa kada 'ya'yanka su taɓa tsayawa a ƙofar wani suna jiran sa hannu.

Wassalam.

Sa'adatu Garba,
Ɗakin wankin gyambo.