Inna ta daka tsumma

Zuwa ga Yaya Habu,

Da safe na ba albasar gonarmu ta Jiratawa ruwa, sannan na zauna rubuta maka. Ina gajiya, ina sanyin Kwatano? Yaya Anti Rabi da yara? Mu nan lafiya lau, Alhamdu lillahi.

Na ji kana son cire 'yarka Nafisa daga jami'a, wai gidanmu ba na maroƙa ba ne. Ni na goya mata baya ta karanci haɗa kiɗa da ɗaukar sauti, kuma har yau nakan tambayi kaina ko na yi daidai.

Ranar Juma'a ni da Nafisa mun je Tibiri wurin Inna. Malaminta ya ce ta kawo tsohuwar waƙa, murya zalla, ba ƙarar komai. Inna ta zauna gaban na'urar ɗaukar sauti, waƙar daka ta ƙi zuwa. Ta ce, "Ni sai da taɓarya a hannu nake tunawa." Sai Nafisa ta cika turmi da tsummoki don ya yi shiru.

Inna ta ce, "Ja'ira, duk bokon naki ki sa ni dakan tsumma?" Amma ta daka, waƙar ta fito tsaf, har baitin da take ambaton Baba, wanda rabona da jinsa tun rasuwarsa.

Na tura maka waƙar ta waya. Ka saurara kafin ka yanke hukunci. Ka sa mu a addu'a, ka gaida maƙwabta.

Gobe in Allah ya kai mu:
Sayen taki.
Karɓo maganin ƙafar Inna.
Raka Nafisa tasha ta koma jami'a, in ka yarda.

Ƙanenka,
Sani