Calogero Na Biyu

Agrigento, Talata

Yaya Nunzia,

Da safe na kai wa Baba maganinsa.

Ina gaishe ki, ke da mijinki da yara. Da fatan tarin mijin naki ya yi sauƙi, sanyin Beljiyam kuma bai takura muku ba. Mu ma lafiya.

Matata Assunta ta sauka ranar Juma'a, namiji. Na duba hannuwansa da ƙafafunsa, komai daidai. Ina jin ya kamata in yi murna fiye da haka.

Baba na shigowa ya ce, "Calogero ya dawo!" Assunta ta juya fuska bango. Kin san al'ada: ɗan fari sunan kakansa yake ci, in ya rasu na bayansa ya ɗauka. Bara muka binne Calogeronmu, wanda muke kira Lillo.

Assunta ta ce, "Baba, ina da Calogero ɗaya, yana makabarta. Ba zan tsaya bakin ƙofa ina kiransa wani ya amsa ba."

Baba ya ce, "To ni fa, 'yar nan? In tafi ba mai sunana? Ko jakin maƙwabcinmu Turiddu ya bar magaji!"

Ba wanda ya yi dariya.

Na je wurin Fada Gerlando na tambaye shi asalin sunan, ko zan sami mafita. Ya ce daga Girkanci ya zo, ma'anarsa tsoho nagari. Waliyyin da ke da wannan suna ya ƙetaro teku, ya zauna a kogo, yana roƙa wa marasa lafiya burodi, shi ya sa muke jefa masa burodi ranar bikinsa. Ya ce suna ne na masu tsawon rai. Ban tuna masa shekarun Lillo shida ba. Shi ya binne shi.

Ƙaninki,
Onofrio

Agrigento, Lahadi

Yaya Nunzia,

Gaisuwa mai yawa. Rigar jaririn ta iso, mun gode.

Yau aka yi baftisma. Da Fada ya tambayi suna, kowa ya dube ni. Na ce Calogero. Ban sani ba ko ni na yanke, ko bakina ne kawai ya saba. Baba ya yi kuka, ya sumbaci goshina.

Assunta ba ta yi faɗa ba. Tana shayar da shi, tana masa wanka, tana ce masa "yaron nan". Da rana Baba ya ɗauke shi ya ce, "Lillo, ɗan ja'iri!" Ta ajiye cokali ta fita tsakar gida. Ni na ƙarasa cin taliyata. Ban ji komai ba, kuma wannan ne ke damuna.

A gai da kowa.

Ƙaninki,
Onofrio

Na gobe:
maganin Baba
gyara ƙafar gadon jariri
furen kabari
in gwada kiran yaron da sunansa, lokacin da Assunta ba ta kusa